Ciwon Ƙashi a Jikin Matasa: A Nemi Dalili Kafin a Nemi Magani

'Yan'uwa, a garuruwan gabashin Sakkwato, daga Wurno zuwa Rabah har Goronyo, kusan kowane ciwon ƙashi suna ɗaya muke ba shi: sanyi. Saurayi ɗan shekara 22 ya yi kukan ƙugu, a ce sanyi ne. Matashiya mai goyo ta kasa tashi daga tabarma sai ta dafa bango, a ce sanyi ne. Daga nan sai a nufi kemis ko mai tallar magani ranar kasuwa, a sayi ƙwayoyin kashe zafi, ciwo ya lafa kwana biyu ya dawo. Wasu kuma sun ji ana cewa ƙarancin bitamin ne, sai su sayi kwalba su yi ta sha babu gwaji.

Ciwon ƙashi alama ce, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Abubuwa da dama suna kawo shi. Wasu abinci da ƙwaya mai araha ke warkar da su, wasu kuwa in an yi jinkiri sukan gurgunta mutum ko su ɗauki ransa. Shi ya sa muke so mu duba yadda ake bambanta su, domin mai ciwo da iyalinsa su san abin da za su lura da shi, da abin da za su tambaya in sun je asibiti.

Ƙashi rumbu ne

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini, kullum jiki yana rushe tsohon sashe yana gina sabo. Abin da ke ba shi tauri shi ne kalsiyam da fosfet, kuma kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake. Ɗan abin da ya rage yana yawo cikin jini, da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi.

Jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin jini ya faɗi. Idan abinci bai kawo isasshe ba, wasu ƙananan ƙululai guda 4 da ke cikin wuya sukan aika saƙo a ɗebo daga ƙashi. Kamar maigida ne da ke ɗiba daga rumbu kullum domin kada a kwana da yunwa: mai kallon tukunya zai ga komai lafiya, alhali rumbu na ƙarewa. Mu riƙe wannan, domin za mu sake buƙatarsa in mun zo maganar gwaji.

Yawancin cika wannan rumbu ana yin sa ne kafin shekara 20, ya kuma kai iyakarsa wajen shekara 30. Matashi mai tasowa yana buƙatar kimanin miligiram 1,300 na kalsiyam a rana, babba kuma kimanin 1,000. Wanda bai tara a ƙuruciya ba, da ƙaramin rumbu zai shiga tsufa.

Rana muna da ita, kalsiyam ne ya yi mana ƙaranci

Bitamin D shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, fata kuma ke ƙera shi in rana ta taɓa ta. A Turai, inda rana ke ƙaranci da hunturu, rashin bitamin D ne babban dalilin taushin ƙashi. A ƙasar Sakkwato kuwa, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, manomi da ɗan kabu-kabu da mai dako ba su rasa rana ba.

An gano haka sarai a Jos. A shekarar 1999 Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bincike kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa, wato gwame da ƙafar baka. An raba su gida uku: wasu aka ba su bitamin D kawai, wasu kalsiyam kawai, wasu duka biyu, har tsawon mako 24. Waɗanda suka sami kalsiyam sun fi waɗanda suka sami bitamin D kaɗai warkewa. Da aka auna abincinsu, sai aka ga kalsiyam ɗin da suke samu a rana kimanin miligiram 200 ne kacal. Daga baya, a 2015, suka nuna cewa busasshen kifi da aka niƙa har da ƙayarsa shi ma yana warkar da irin wannan lanƙwasa.

Binciken kan yara aka yi shi, amma tukunya ɗaya muke ci da 'ya'yanmu. Abincinmu gero ne da dawa da masara da shinkafa, safe da dare. Hatsi ba shi da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsa na ɗauke da wani sinadari, fayitet, wanda ke kama kalsiyam da sinadarin ƙarfe a cikin hanji ya hana jiki amfana da su. A da, nono ne ke cike wannan giɓi, fura ba ta tafiya sai da shi. Amma satar shanu da hare-haren 'yan bindiga sun taɓa wannan yanki ƙwarai, kamar abin da ya faru a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah a Yulin 2018 da kuma kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Iyalin da suka bar gonarsu da dabbobinsu suka koma gudun hijira, hatsi kawai sukan samu, nono da kifi da ƙwai sun zama na mai hali.

Duk da yawan ranarmu, akwai waɗanda bitamin D ke yi wa ƙaranci: wanda ke wuni cikin ɗaki ko shago rana ba ta taɓa fatarsa, mai jinya da ya daɗe a kwance, mai ciwon ƙoda ko hanta, mai gudawa da ta ƙi tsayawa, da wanda ya shekara da shekaru yana shan wasu magungunan farfaɗiya. Haka kuma yarinyar da ta fara haihuwa tun ƙashinta bai gama ƙosawa ba, ta kuma riƙa haihuwa a jere babu hutu. Mai shayarwa tana ba jariri kalsiyam miligiram 200 zuwa 300 kowace rana ta cikin nono. Jiki yakan mayar da abin da ya fita bayan yaye, in an ba shi lokaci da abinci.

Yadda taushin ƙashi yake bayyana

A yaro, ƙafa ke lanƙwasa. A babba ƙashi ya gama tsawo, saboda haka sai dai ya yi taushi. Ciwon yakan zo a hankali cikin watanni, marar kaifi, a ƙasan baya da ƙugu da cinyoyi da haƙarƙari, dama da hagu duka. Yana ƙaruwa da tsayuwa ko tafiya ko ɗaukar kaya. In an danna ƙashin ƙauri ko na ƙirji da yatsa sai a ji zafi. Tsokar cinya takan yi rauni, mutum ya kasa tashi daga tsugune sai ya dafa, tafiyarsa ta koma kamar ta agwagwa. Wasu sukan ji yatsu da leɓe suna tsami ko tsoka tana ɗaurewa. Yawanci babu zazzaɓi, babu kumburi.

Ƙarancin jini yakan raka shi, tun da abincin da ya rasa kalsiyam sau da yawa ya rasa sinadarin ƙarfe. Babban binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Shi yakan kawo kasala da jiri da haki da ciwon jiki, har mutum ya ɗauka ƙashi ne ke ciwo.

Cututtukan da ke ɓoye a bayan sunan sanyi

Kafin a ce ƙarancin abinci ne, dole a kawar da waɗannan.

*Amosanin jini, wato sikila.* Wannan ne na farko da za a tuna a jikin matashi. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 da shi a ƙasar kowace shekara. Ciwonsa yakan zo farat ɗaya, mai tsanani, ya yi sa'o'i ko kwanaki ya tafi, ya sake dawowa. Sanyin hunturu, ƙishirwa lokacin bazara, zazzaɓin cizon sauro da aikin ƙarfi suna tayar da shi. Ido yakan yi ɗorawa. Mu lura, ba kowane mai sikila aka sani tun yana yaro ba. Mai jinin SC yakan girma ba tare da yawan kwanciya ba, sai ya kai shekara 20 ko fiye ciwon ƙugu ya kama shi, domin jini ya daina isa kan ƙashin cinya ya fara mutuwa.

*Tarin fuka na ƙashin baya.* Ƙwayar tarin fuka takan kama ƙashi ko da mutum ba ya tari. Ciwon yana wuri ɗaya a baya, yana ƙaruwa mako bayan mako, tare da rama da zufar dare da ɗan zazzaɓi da yamma. In an bar shi sai ƙashi ya rufta, doro ya fito, ƙafafu su mutu. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe, sai dai na ƙashi yakan ɗauki wata 12.

*Bakkale.* Makiyaya sun san ta a matsayin cutar da ke sa saniya ko akuya ɓari. Tana kama mutum ta ɗanyar madara da ba a tafasa ba, ko ta taɓa mahaifa da ɗan tayin dabba da hannu. Alamunta zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, zufa mai yawa, ciwon baya da ƙugu, wani lokaci kumburin maraina. Sau da yawa ana ta yi mata maganin maleriya da taifod a banza. Maganinta haɗin ƙwayoyi ne na aƙalla mako 6.

*Ƙwayar cuta a cikin ƙashi.* Wuri ɗaya ya kumbura, ya yi zafi, ga zazzaɓi, wani lokaci ya fashe yana fitar da mugunya ba ya warkewa. Yakan biyo bayan rauni ko karaya, ya kuma fi kama masu sikila.

*Ciwon daji na ƙashi.* Ba shi da yawa, amma ya fi kama masu shekara 10 zuwa 25, ya kuma fi fitowa kusa da gwiwa. Ciwo ne a wuri ɗaya da ke tayar da mutum daga barci, sai kumburi mai tauri da ke ƙara girma. Irin wannan ba na mai ɗori ba ne, kuma tsaga shi ko matsa shi ɓata lokaci ne da ba ya dawowa.

*Magungunan da muke sha da kanmu.* Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe sau da yawa suna ɗauke da deksametazon ko danginsa, haka ma wasu haɗe-haɗen maganin sanyi da ake sayarwa a ƙulle cikin leda. Suna kwantar da ciwo nan take, amma in an daɗe ana sha suna cinye ƙashi, suna iya kashe kan ƙashin cinya. Yawan shan diklofenak da ibufurofen yana ɓata ƙoda da tumbi, ƙodar da ta lalace kuma ba ta iya sarrafa bitamin D. Tiramol yana rufe ciwo ya bar dalilinsa, ya kuma kama mai shansa.

*Ruwa da ƙasa.* A wurare kamar Langtang da Kaltungo an san ruwan wasu rijiyoyi yana da fulorayid fiye da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Yana ɓata haƙora su yi ruwan ƙasa, in ya yi yawa shekara da shekaru ya sandarar da gaɓoɓi da baya. A Zamfara kuma, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum. A jikin babba tana kawo ciwon gaɓoɓi da ciwon ciki da ƙarancin jini. Matashin da ya je ci-rani wurin haƙar zinariya ya faɗa wa likita haka.

Akwai kuma ciwon gajiya. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, ita ke riƙe da noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa a wannan yanki. Wanda ya wuni duƙe yana dashe, ko yana dakon buhunan albasa, dole bayansa ya yi ciwo. Wannan ciwon tsoka ne, yana sauka da hutun kwana kaɗan. Wanda ya wuce mako 2 zuwa 3 bai sauka ba, a daina kiransa gajiya.

Abin da za a shirya kafin zuwa asibiti

Likita yana samun rabin amsa daga bakin mai ciwo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mai ciwo ya shirya amsar waɗannan, in ya yiwu ya rubuta:

1. Ina ne ke ciwo, wuri ɗaya ko wurare da yawa, gefe ɗaya ko biyu?
2. Yaushe ya fara, farat ɗaya ko a hankali? Yana tafiya yana dawowa?
3. Yana tayar da shi cikin dare? Hutu yana rage shi?
4. Akwai zazzaɓi, zufar dare, tari, rama ko kumburi?
5. Akwai mai sikila a dangi, ko yara da suka rasu suna ƙanana da irin wannan ciwo?
6. Me ake ci a gida a mako? Sau nawa ake samun nono, kifi, ƙwai ko ganye?
7. Ga mata: haihuwa nawa, tazara nawa, ana shayarwa yanzu? Jinin al'ada yana da yawa?
8. Wane magani ake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya? A tafi da kwalayen da ledojin.

Gwaje-gwaje, daga mai araha zuwa mai tsada

Ba dole a yi duka ba, likita ne zai zaɓa bisa abin da ya ji ya kuma gani. Na farko akwai gwajin jinotayif, da auna yawan jini, da gwajin maleriya in akwai zazzaɓi. Da waɗannan ake farawa a manyan asibitocin ƙananan hukumomi irin na Goronyo da Wurno da Rabah. Sai hoton ƙashi na wurin da ke ciwo, da gwajin GeneXpert in ana zargin tarin fuka.

In ana zargin taushin ƙashi, ana auna kalsiyam da fosfet da wani sinadari da ake kira ALP, tare da aikin ƙoda. A nan maganar rumbu ta dawo. Kalsiyam ɗin jini yana iya fitowa daidai alhali ƙashi ya ƙare, tun da daga ƙashin ake ɗebo shi. ALP kuwa yakan hau in ƙashi ya yi taushi, fosfet kuma ya sauka. Saboda haka takardar da ta ce kalsiyam lafiya ba ta isa a rufe magana ba. Gwajin bitamin D kansa yana da tsada, sai a manyan ɗakunan gwaji, kuma ana ɗaukar ƙasa da nanogiram 12 a mililita a matsayin ƙaranci.

Abin da ya fi ƙarfin asibitin gida ana tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko, ko na Dala a Kano. In an ba mu takardar turawa, mu bi ta, kada ta kwana cikin akwati.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu: ƙafafu sun fara mutuwa ko sun yi nauyi, fitsari ko bayan gida ya kasa riƙuwa, gaɓa ta kumbura da zazzaɓi mai zafi, ƙashi ya karye ba tare da wata babbar faɗuwa ba, ko mai sikila ya ji ciwon ƙirji da wahalar numfashi.

In an tabbatar ƙaranci ne

Wannan labari ne mai daɗi, domin yana warkewa. Likita zai rubuta kalsiyam, ko bitamin D, ko duka biyu, har da maganin ƙarin jini in ana buƙata. Ciwo yakan fara sauka cikin makonni, amma ƙashi yana buƙatar watanni, don haka kada a tsaya da an ji sauƙi. Kada kuma a wuce abin da aka rubuta. Bitamin D yana taruwa a jiki, in ya yi yawa yana kawo tsakuwar ƙoda har ya lalata ta.

Sauran aikin na tukunya ne, kuma yawancin abin da ake buƙata yana kusa da mu. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo yana da kalsiyam kimanin miligiram 300, sai dai a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, saboda bakkale. Ƙananan kifi na gulbi da ake ci har da ƙaya, ko busasshe da aka daka cikin miya, suna da shi da yawa. Kuka da zogale da kuɓewa da riɗi da daddawa suna ƙarawa. Jiƙa hatsi da barin gasara ta yi tsami kafin a dama koko yana rage fayitet. Goba da lemo da tumatir da garin 'ya'yan kuka suna taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a ba da tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi. Wanda ke wuni a ɗaki ya fita tsakar gida rana ta taɓa hannuwa da ƙafafu na ɗan lokaci, sau da yawa a mako. Mai ciki kuma ta je awo, domin inda abinci ke da ƙarancin kalsiyam Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba masu ciki ƙari, yana rage haɗarin hawan jini da jijjiga.

Abin da ya rage gare mu

Ciwon da ya daɗe ba a san dalilinsa ba yakan kawo zargi. A gida a ce matashin malalaci ne, ko amarya tana gudun aiki, ko a fara zargin maƙwabci da jifa. Mun ga yadda irin wannan ke raba zumunci, alhali gwajin jini ɗaya zai iya ba da amsa. Idan muka je gaida marar lafiya muka yi masa addu'a, mu ƙara da tambayar ko an yi gwaji, in kuɗin mota ko na gwaji ne ya hana, mu haɗa hannu.

Zumuntar mata za ta iya koyar da dafa waɗannan abinci da kuma muhimmancin tazarar haihuwa. Shugabannin matasa su yi magana a fili a kan tiramol da sha ka fashe. Dattawan ikilisiya kuma su ƙarfafa gwajin jinotayif tun kafin magana ta yi nisa tsakanin saurayi da budurwa, domin in dukansu AS ne, kowane ciki yana da haɗari 1 cikin 4 na zuwa da SS. Gwajin da aka yi ana saura mako biyu biki ya zo a makare.

Duk matashin da ƙashinsa ya yi ciwo fiye da mako 3, ya ajiye ƙwayar kemis, ya rubuta amsar tambayoyin nan guda 8, ya tafi a duba shi. Ubangiji ya ƙara mana lafiya.